Kwalbar da ke gaban madubi

Ranar wata Asabar da safe, muna shirin tafiya bikin 'yar ƙanen mahaifiyata a Mamobi, ina zaune gaban madubi ina ɗaura kallabi, sai 'yata mai shekara tara ta shigo ta tsaya a bayana, ta ɗauki wata kwalbar mai da ke kan teburin tana jujjuya ta tana karanta rubutun da ke jiki. Can sai ta ce, "Mma, idan na dinga shafa wannan kullum, ni ma zan yi haske kamar yadda kika yi a hoton aurenki?" Hoton da take nufi yana rataye a falonmu tun kafin a haife ta, kuma ban taɓa kawowa a raina cewa tana gwada fuskar da ke cikinsa da wadda take gani kowace safiya ba. Na karɓi kwalbar daga hannunta, na ce mata man kaɗe ne kawai da aka zuba wa turare, ba ya ƙara haske, ba ya rage shi. Ta ce, "To wanne kika shafa a lokacin?" Ban ba ta amsa ba, domin motar da za ta ɗauke mu tana jira a ƙofa, amma har muka je muka dawo maganar ba ta bar raina ba.

A Nima aka haife ni, ɗaya daga cikin unguwannin Zango na birnin Akara a ƙasar Gana, a gidan haya mai ɗakuna goma sha huɗu da tsakar gida ɗaya, inda kowace mace uwa ce ga kowane yaro, kuma wadda ta fara ganin ka yi ba daidai ba ita za ta tsawata maka tun kafin labari ya kai kunnen mahaifiyarka. Yanzu a Adenta muke zaune, ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu, a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe. Shi yana sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai, ni kuma ina aikin lissafin kuɗi a wani ofishi da ke Ridge. Lokacin da aka buɗe Accra Mall a 2008, ni da ƙawayena kallo kawai ya kai mu, muka zagaya muka dawo ba mu sayi ko alewa ba. 'Yata kuwa zuwa irin waɗannan wurare a wurinta kamar leƙa gidan maƙwabta ne. Ba na ƙin wannan sauyi, kuma ba zan ɓoye cewa ina son sutura mai kyau da turare mai kyau, ina kuma son in zauna a wuri mai sanyi a kawo mini abincin da ba ni na dafa ba. Abin da tambayar yarinyar ta tuna mini shi ne, duk abin da na saya, na sa, na shafa ko na ci a gabanta karatu ne nake ba ta, kuma ta fi riƙe wannan karatun a kan wanda nake yi mata da fatar baki.

Amsar tambayarta ita ce, wata uku kafin aurena a 2014 aka haɗa ni da wata mai gyaran amare, ta ba ni mai a cikin robar da babu suna a jikinta, babu kwanan wata, babu komai sai murfi. Da kanta take haɗa shi daga mayuka iri-iri, ta matse wasu 'yan ƙananan bututu a ciki, ta gauraya da cokali. Ba ta kira shi bilicin ba, kuma da a lokacin wata ta ce mini bilicin nake yi da mun ɓata; kalmar da ake amfani da ita a Akara ita ce tonin, wai ana fito da ainihin launin mutum ne da rana ta ɓoye. Cikin mako shida fuskata ta sauya, duk wadda na haɗu da ita a unguwa sai ta ce amarya ta fara ƙyalli, ango ya yi sa'a. Wannan yabon ne ya hana ni dainawa bayan biki. Na ci gaba har fiye da shekara guda, ina gani gaɓoɓin yatsuna sun ƙi bin sauran jikin sun yi baƙi ƙirin, jijiyoyi sun fara bayyana kore-kore a damatsana, kuma idan na tsaya jiran torotoro, wato motar haya, a tashar Madina na minti goma cikin rana sai in ji fuskata tana raɗaɗi kamar an goga mata barkono. Duk ranar da man ya ƙare ban samu wani da wuri ba, ƙaiƙayi da ƙuraje kan taso mini, sai in ɗauka jikina ne ke neman sa, alhali kuwa shi ne ya jawo su.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta fara gaya mini gaskiya, ranar da na je awon cikina na fari. Ta kama hannuna za ta gwada hawan jini, sai ta juya shi ta dubi bayan yatsun, ta ɗago ta dube ni, ta ce da Hausa, da yake ita ma 'yar Zango ce, "Ƙanwata, me kike shafawa?" Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai zaunar da ni ta bayyana mini cewa galibin irin waɗannan haɗe-haɗe abubuwa uku ake samu a cikinsu. Akwai haidirokwinon, wanda ke hana fata samar da sinadarin da ke ba ta duhunta, alhali wannan duhun shi ne garkuwar da Allah ya yi mana daga zafin rana; idan aka daɗe ana shafa shi yakan juya ya bar baƙin tabo a kumatu da gefen ido wanda da wuya ya goge. Akwai magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda likita ke rubuta wa mai ciwon fata na ɗan lokaci, amma idan aka mai da su man shafawa na kullum sai fata ta sirance, ta yi nankarwa, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri. A nan ta ce in yi tunanin yadda ɗinki zai kama idan haihuwa ta zo da tiyata, kuma wannan maganar ce ta fi tayar mini da hankali. Na ukun shi ne zaiba, wadda ke ratsa fata ta shiga jini ta taɓa ƙoda, tana kuma iya kaiwa ga ɗan da ke ciki. A ranar na koma gida na zubar da robar. Sai da na yi kusan shekara kafin launina ya daidaita, kuma a tsakanin nan na sha tambayar ko rashin lafiya nake yi daga bakin waɗanda a da suke yaba mini.

A shekarar da na haifi yarinyar, 2016, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Gana ta hana shigo da mayukan shafawa masu ɗauke da haidirokwinon daga watan Agusta. A 2018 kuma hukumar ta fito ta gargaɗi masu juna biyu da ke shan wasu ƙwayoyi da fatan jariransu su fito farare, labarin da ya sa jikina ya yi sanyi, domin na san irin tunanin da ke kai mace can, na taɓa tafiya rabin hanyar. Dokar ta yi amfani, amma robobin da babu suna a jikinsu ba su gushe ba. Sun koma WhatsApp da Instagram da TikTok, a biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, mai babur ya kawo har ƙofar gida ba tare da ko maƙwabciya ta sani ba.

Washegarin bikin da muka je a Mamobi, bayan sallar Azahar, na kira ta ɗaki na ɗauko wani tsohon hoto da aka ɗauke ni ranar saukar karatuna, ina 'yar shekara goma sha uku, baƙa sumul kamar yadda take yanzu, da allo a hannuna. Na ajiye shi kusa da hoton auren, na miƙa mata hannuwana ta ga sauran tabon da ke gaɓoɓin yatsuna, sannan na gaya mata abin da na shafa, da dalilin da ya sa na shafa, da abin da ya yi mini, ban rage komai ba. Maigidana ya so in sassauta labarin, yana ganin ta yi ƙanƙanta, amma na ce masa yarinyar da ta iya yin tambayar ta isa jin amsar, kuma idan ba ta ji daga bakina ba za ta ji wata amsar daban daga wayar wata ƙawarta. Ta daɗe tana kallon tsohon hoton, sannan ta ce, "Mma, ashe da ke nake kama." Sai a lokacin na gane cewa duk tsawon shekarun nan tana zaton ni fara ce ta asali wadda rana ta dafe, ita kuwa ita ce ta fito baƙa.

Abin da nake shafawa yanzu shi ne abin da kakata ta shafa har ta koma ga Mahaliccinta. Man kaɗe daga arewa yake zuwa, daga wajejen Tamale da Wa da Bolgatanga, inda mata ke tsintar 'ya'yan kaɗanya da farkon damina, su dafa, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, sannan su yi ta bugun ƙullun da hannu cikin ruwa har man ya taso sama fari fat. A kasuwar Nima a ƙwarya ake sayar da shi, mai shi ta yankar maka gwargwadon kuɗinka. Wannan man dai shi ake fitarwa zuwa Turai a zuba a mayukan shafawa da cakulan, wani ya dawo mana cikin 'yar kwalba da rubutun Faransanci a kan farashi ninkin ba ninkin. Na ji daɗi da 'yan matanmu na nan suka fara tace shi da kansu suna zubawa a kwalabe masu kyau, kuma a wurin ɗayarsu na sayi wadda 'yata ta ɗauka. Haka sabulun salo, wanda mutanen nan ke kira alata samina, da ake yi da tokar ɓawon agada ko na koko da man alayyadi. Shi muke wanka da shi gaba ɗaya gidan.

Sai dai ba duk abin da aka gada ne lafiyayye ba, kuma wannan ma ina son yarana su sani. Kwallin dutse mai walƙiya da iyayenmu ke niƙawa su sa wa jarirai yana ɗauke da dalma, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce ta shiga jikinsa. Ranar sunan ɗana mahaifiyata ta fito da tandunta za ta ranbaɗa masa, na riƙe hannunta na ce, "Mma, don girman Allah ki yi haƙuri, a bar masa idonsa haka." Ta ce ni ma da shi ta raine ni, kuma ga ni ina aikin lissafi. Ta yi kwanaki tana jin haushina, amma ba ta sake ɗauko shi ba. Haka baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi don ya kama da sauri, wanda na ga ya ƙona hannun wata amarya ya bar mata zanen fulawa na tabo. 'Yata jan lalle kawai nake bari a yi mata, ko da zai ɗauki dare guda kafin ya kama.

Da idona ya buɗe a kan kwalbar, sai na fara ganin irin wannan karatun a cikin sif ɗin kayana. A Zangon Akara babu biki sai da yayi, wato atamfa ko leshi ko shaddar da dangin amarya suka zaɓa kowa ya saya ya ɗinka. Asalinta al'ada ce mai kyau, domin tana nuna zumunci, tana sanya mai hali da marar hali cikin tufa ɗaya, uwar amarya kuma ta samu ɗan abin rage hidima daga ribar da ke kai. Amma a watannin da bukukuwa ke cunkushewa, musamman gab da azumi da bayan Babbar Salla, mace kan samu gayyata uku ko huɗu a wata guda, kuma kowace da kuɗin yadinta, da na ɗinki, da mayafin da zai shiga da ita, da takalmi, da jaka, da na mai kwalliyar fuska. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, kuma a wannan lokacin na ga matan da suka kwashi adashin da suka tara don hidimar makarantar 'ya'yansu suka zuba a yayin da sau ɗaya tak za su sa shi. Sau ɗaya, domin an ɗauki hoto an watsa, kowa ya gani. Ban san wannan tunanin ya shiga gidana ba sai ranar da na ɗauko wa 'yata rigar Ƙaramar Sallarta za mu je suna, ta ce, "Mma, ai an riga an gan ni da ita." Ba ta ƙirƙiro maganar ba, daga bakina ta ji ta, ina faɗa wa wata ƙawata a waya.

Mahaifiyata tana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta, cike da atamfofin Holan da na GTP, masaƙar da ke Tema tun 1966, da na Akosombo, kowace a ninke da ƙwayoyin kafur a tsakani, kuma za ta iya gaya maka bikin wa ko sunan wa aka sayi kowace. A wurin matan zamaninsu atamfa dukiya ce da ake ajiyewa domin ranar buƙata. Turmi biyu ta fitar daga akwatin nan ta sayar ta biya mini kuɗin sakandare, domin a lokacinmu babu karatun sakandare kyauta, sai a 2017 aka fara shi. Yau kuwa kasuwar Makola ta cika da kwaikwayon waɗannan zane-zane daga Sin, masu kama da na asali a ido, amma wanki uku ya isa ya tona asirinsu, kuma araharsu ta durƙusar da masaƙun gida. Tun 2004 gwamnati ta ɓullo da tsarin sanya tufafin gida ranar Juma'a don a tallafa wa masaƙun nan, ni ma a ofis atamfa nake sawa kowace Juma'a da mayafina, kuma ina ƙoƙari ta zama ta gida ko da zan jira wata biyu kafin in iya saye.

Kayan da yarana ke wasa da su kuwa daga kasuwar Kantamanto nake sayo su, kuma ban taɓa ɓoye musu ba. An kiyasta cewa tufafin gwanjo kusan miliyan 15 ke shigowa wannan kasuwa kowane mako, kuma kaso mai yawa daga ciki ba ya sayuwa, sai ya ƙare a kwatoci da bakin teku. Bayan gobarar da ta cinye yawancin kasuwar a farkon Janairun 2025, da 'yan kasuwa suka sake kafa rumfunansu, na tafi da 'yata ta ga wurin da idonta. Ta ga yadda ake yanka dila a baje, ta ga teloli suna rage manyan riguna suna mai da su na yara, ta kuma ga 'yan matan arewa masu dako, waɗanda ake kira kayayei, wasunsu ba su girme ta da yawa ba, ɗauke da dilar da namiji ƙaƙƙarfa zai yi nishi kafin ya ɗaga. Ba ta ce komai ba a hanyarmu ta dawowa. Tun daga nan na tsayar wa kaina doka cewa yayi sai na dangi na kusa, sauran bukukuwa kuwa in je da abin da nake da shi in ba da gudummawata a hannu. Tsofaffin yayina na kai wa telata a Nima, ta fitar wa yarinyar riguna uku daga ciki, kuma da ta je gwaji telar ta ce mata, "'Yata, wannan leshin uwarki ta sa shi ranar sunanki." Ita ce rigar da ta fi so yanzu.

Cin abinci a waje shi ne abin da yaran suka fi ɗoki, kuma mun mai da shi al'ada sau ɗaya a wata, Asabar ɗin da ta biyo bayan albashi, wani lokaci a titin Oxford da ke Osu, wani lokaci a East Legon. Musulmi a Akara ba ya zama kawai ya ce a kawo, sai ya tambayi inda naman ya fito, ko a mai ɗaya ake soya kaza da naman alade, ko an zuba giya a miyar. A da ina jin nauyin yin waɗannan tambayoyi a gaban mutane, sai in zaɓi kifi in yi shiru. Yanzu a sarari nake yin su, don yaran su san babu abin kunya a ciki, kuma ɗana mai shekara shida ya riga ya haddace su, shi ke fara tambayar mai kawo abinci kafin in buɗe baki. Wayoyi kuma a jakata suke zama har mu tashi, tawa da ta babansu.

A ɗaya daga cikin waɗannan fitar ne abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru. Kwanaki kaɗan kafin nan 'yata ta dawo daga makaranta da tuwon da na zuba mata ko taɓawa ba ta yi ba, ta ce yara sun ce miyar tana warin daddawa, don Allah in daina ba ta. To ranar da muka zauna a wani gidan abinci a East Legon, sai ga wasu mutane a teburin da ke kusa da mu, sanye da kwat, sun naɗe hannun riga suna cin tuwon zafi da miyar ayoyo a kaskon ƙasa, suna korawa da zoɓo a kofin gilashi. Ta kalle su, ta kalli takardar abincin, ta ce ita ma shi take so. Na saya mata, a kan kuɗin da zai ciyar da gidanmu tuwo na kwana biyu, ta cinye tas. Ban yi mata gori ba, amma zuciyata ta sosu, domin tuwon bai sauya ba, wurin da masu cin ne suka sauya shi a idonta. A hanyar gida na fara lissafa mata abincin da ƙasar nan gaba ɗaya ke ci da sunayenmu. Waakye da kowa ke layi a kansa da safe shinkafa da wake ce tamu, sunan ma daga kalmar wake ya fito, jan launinta kuma daga karan dafi da kanwa. Kokon da ake sha daga Akara har Takoradi da sunan Hausa ake kiran sa, abokin tafiyarsa koose ƙosai ne, pinkaso funkaso ne, tuo zaafi tuwon zafi ne, har garin Kasoa ma kasuwa ce aka lanƙwasa.

Gani ya kori ji, don haka Asabar ta gaba na tashe su bayan sallar Asuba muka nufi Nima wurin wata Hajiya mai wake da na taso ina saye a hannunta. Kafin ƙarfe bakwai layi ya riga ya miƙe, da ma'aikatan banki, da direbobin torotoro, da 'yan sanda, da waɗanda suka ajiye manyan motoci a bakin titi, kowa yana jiran a buɗe tukunyar. Hajiya na zaune a kan kujerarta, tana ɗebo waken tana zubawa a koren ganye, ta ɗora taliya da garin rogo da aka murza da mai, da ganda, da dafaffen ƙwai, da soyayyen kifi, ta kawo baƙin shito, wato soyayyen yaji, ta zuba a gefe, ta naɗe ganyen da hannu ɗaya ba tare da ta daina magana da na gaba ba. Tun ƙarfe ukun dare take tashi, shekara da shekaru, kuma da wannan tukunyar ta aurar da 'ya'yanta, ta kai wasu jami'a, ta sauke farali. Da ta gan ni ta washe baki ta ce, "Jikokina ne waɗannan? Kun kwana lafiya?" Yaran suka yi murmushi suka amsa mata da Turanci. Hajiya ta dube ni, ba ta ce komai ba, ta ƙara musu ƙwai ɗaiɗai.

Wannan kallon ya fi mini faɗa zafi. Yarana suna jin Hausa amma ba sa mayarwa, kuma na san yadda aka yi haka ta faru. Hutun haihuwa a dokar ƙwadago ta ƙasar nan mako goma sha biyu ne, don haka tun suna 'yan wata uku suke wuni a gidan raino inda Turanci kawai ake yi musu. Muna fita daga Adenta ƙarfe biyar da rabi na asuba don gudun cunkoson hanyar Madina, ba ma dawowa sai bayan Magariba, a gajiye, kuma ɗan lokacin da ya rage aikin gida na makaranta ke cinye shi, shi ma da Turanci. Sai Hausa ta zama harshen da suke ji idan an yi musu tsawa ko an aike su, tsakar gidan da ta koya mana ita kyauta kuwa babu ita a bayan katangarmu. Na san Hausarmu ta Zango ta bambanta da ta Kano, ba mu cika rabe ya da ta ba, mun kuma cuɗa ta da kalmomin Tuwi da Turanci, amma ita ce harshen da fataken goro suka bi hanyar Salaga da shi, ita ce ta haɗa Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da Bafillace a Nima tun kafuwarta a shekarun 1930, kuma da ita kaɗai mahaifiyata za ta iya ba jikokinta labari. Yanzu a kan tabarmar cin abincin dare Hausa zalla ake yi a gidanmu, wanda ya manta kalma ya tambaya. Asabar da Lahadi da safe suna zuwa makarantar Islamiyya, hutu kuma rabinsa a Nima suke yi, a ɗakin da aka haife ni.

A dogon hutun da ya wuce 'yata ta yi mako biyu a wurin kakarta. Ranar da na je ɗauko ta Laraba ce, ranar da kasuwar Nima ke ci, na tarar ba ta gida, an aike ta tare da 'yar maƙwabta. Ina zaune muna hira da mahaifiyata sai ga ta ta shigo, ƙafafunta butu-butu da ƙura, tafin hannunta ja da lalle, sanye da rigar leshin nan da ta fara yi mata kaɗan. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙa wa kakarta canji, sannan ta kwance wata leda ta nuna mini curin man kaɗe kamar dunƙulen hannuna, ta ce da kuɗin barka da Sallarta ta saya. "Mai shi ya ce sidi ashirin," in ji ta da Hausarmu ta Zango, "na ce masa ni jikar Hajiya ne, ya rage mini biyar." Da muka isa Adenta da dare, kafin ta cire takalmi, ta wuce ɗakina ta ajiye curin a gaban madubi kusa da kwalbar, ta ce rabi nata rabi nawa.